A-kori-kura mai dizal tana mutuwa da sanyin asuba

Salama. Tun shigowar hunturu a-kori-kurata take wahalar da ni a nan Gombe. Da asuba sai na daɗe ina murza makulli kafin ta kama, ta yi ta karkarwa da farin hayaƙi, ta mutu. A dashbod, fitilar hita (filogin da ke ɗumama injin dizal kafin ya tashi) tana ƙyaftawa, ta injin kuma ba ta ɗaukewa. In ta yi zafi, lafiya lau har Kumo.

Makaniki ya canza hita huɗun, filtar mai da batir, kuɗi sun tafi, ba sauyi. Abin da na lura: in na danna famfon hannu na kan filta (mai jawo mai) har ya yi tauri, tana saurin tashi, amma fitilun suna nan.

Iska ce ke shiga layin mai cikin dare har ta kunna fitilun nan?