Aventus da Club de Nuit Intense: hancina ne ke yaudarata?

Abu Sadik:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana uku ke nan ina fesa turaren Aventus na kamfanin Creed a wuyan hannun dama, Club de Nuit Intense Man na kamfanin Armaf kuma a na hagu. Ana ta cewa tagwaye ne. Ni dai da farkon fesawa ban ga kama ba. Na Armaf lemun tsami ne ke tasowa da kaifi har ya ɗan shaƙe ni, na Creed kuwa abarba ce mai sanyi. Amma in aka yi awa huɗu sai in kasa tantance wane hannu ne wane. Haka kowa ke ji?

Maman Hanan:
Wa alaikumus salam. Hancinka lafiya lau, Malam. Abin da ka fara ji shi ne saman turare, irin su lemu da 'ya'yan itace, masu saurin tashi. Cikin rabin awa sun gudu. Daga nan sai tsakiya ta fito, kuma dukansu biyu suna da wannan ƙamshin hayaƙi na itacen birch da furen yasmin. A ƙarshe miski da ambar ne ke lafewa a fata. Aventus ya fito a 2010, na Armaf ya biyo baya a 2015, kuma a gindin ne ya fi kwaikwayonsa. Shi ya sa ban taɓa yanke wa turare hukunci daga ƙamshin murfi ba.

Ɗan Baiwa:
Hajiya, ban yarda sun zama ɗaya ba. A jikina na Armaf ya fi hayaƙi da ɗaci har dare, Aventus kuma yana yin laushi, ya koma kusa da fata. Matata daga bakin ƙofa take gane wanda na sa.

Maman Hanan:
To ai fata ma da nata. Mai maiƙo tana riƙe turare fiye da busasshiya, zafi kuma yana saurin kore shi. Sannan Abu Sadik, in kana ta kai hannu hanci kowane minti biyar, hancin gajiya yake yi ya daina ji. Ka bar shi awa guda kafin ka sake shinshinawa.

Abu Sadik:
Kin kama ni, Hajiya, ko minti biyar ɗin ba na kaiwa. Gobe zan musanya hannuwan, in kuma fesa kowanne a kan hankici daban in ajiye zuwa jibi, mu ga wanda zai rage.