RTX 3060 ko Quadro zan sa wa HP Z440 ɗina? Masana ku taimaka

Sadiq_Pantami:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar kwamfuta. Ina Gombe, aikin zanen gidaje nake, Revit da AutoCAD, sai Lumion in kwastoma yana son yaga gidansa kamar an gama gininsa. Injin da nake aiki dashi HP Z440 ne ɗan Beljiyam, Xeon ne a ciki, RAM 32, amma katin girafik ɗin Quadro K620 ne mai giga 2 kacal, da na ɗan zuba bishiyoyi da motoci a Lumion sai komai ya tsaya cak, renda kuma, wato fitar da hoton ƙarshe na zanen, sai dai in kunna in je in yi sallah in ci abinci in dawo bai gama ba, kuma kun san wuta bata jiran mutum.

To yanzu na tara kamar dubu ɗari huɗu. Wani ya ce in sayi RTX 3060 mai giga 12 na hannu, wani kuma ya ce a'a ai injin aiki Quadro, wato katin aiki na kamfanin Nvidia, kawai ake sa masa, katin gem zai ƙona min bod. Wanne ne gaskiya? Kuma meyasa farashin ya bambanta haka, shago biyu na tambaya a waya tazarar dake tsakaninsu ta bani tsoro wlh. Nagode.

Injiniya_Wunti:
Wa alaikumus salam Malam Sadiq. Ni gyaran kwamfuta nake a Bauchi kuma Z440 ta sha wucewa ta hannuna, to tun kafin ayi maganar kuɗi abu ɗaya zaka fara yi, cire murfin gefe ka karanta takardar dake jikin fawa fak ɗin, wato akwatin da ke raba wa injin wuta. Z440 kala biyu take zuwa, akwai mai wat 525 akwai mai wat 700. Mai 700 ɗin zakaga wayoyi biyu masu fin shida-shida a ajiye basa komai, na katin girafik ne. Mai 525 galibi babu su sam, kuma nan mutane ke faɗawa matsala, su sayo kati da tsada su kawo gida sannan a rasa inda za'a jona masa wuta.

Lissafin bashi da wuya. Gurbin da kati ke zama a kan bod, wato PCIe x16, wat 75 yake iya bayarwa. Wayar fin shida tana ƙara 75, mai fin takwas tana ƙara 150. RTX 3060 tana cin wat 170 kuma yawancinsu fin takwas guda ɗaya suke nema. Kenan in taka 700 ce, adafta kawai zaka nema mai haɗa fin shida biyu ya fitar da takwas, 150 kenan ka ɗora kan 75 na bod ka samu 225, ya ishe ta har da saura. In kuma 525 ce to kodai ka nemo fawa fak ɗin 700 na Z440 ɗin kanta, domin HP jonin su daban ne bazaka ɗauko na kasuwa ka sa kai tsaye ba, ko kuma ka tsaya kan katin da baya neman waya, irin RTX 3050 mai giga 6 ko RTX A2000, su biyun wat 70 suke ci.

Dan girman Allah kar ka yarda wani ya haɗa maka da adaftan nan da ke ɗaukar wuta daga wayar hadis, SATA zuwa fin takwas. Jonin SATA wat 54 ne iyakarsa, ka ɗora masa abinda ya ninka haka, robar narkewa take. An sha kawo min irinsu sun yi baƙi ƙirin.

Batun wai katin gem zai ƙona bod kuwa ba gaskiya bane. Gurbi ɗaya ne, ƙa'ida ɗaya ce. Z440 PCIe 3.0 gareta, 3060 kuma 4.0 ce, amma sabo yana aiki a tsohon gurbi lafiya lau, ɗan abinda zaka rasa na sauri bazaka ma lura ba. Sai dai ka sa tef ka auna tsawon cikin kes ɗin, masu fanka uku suna da tsawo, nemi mai fanka biyu hankalinka kwance.

Abu_Hanifa_Yelwa:
Injiniya ka yi bayani Allah ya saka, amma ni inaga an ɗan rage wa Quadro daraja. Ba banza kamfanoni ke biyan kuɗin nan ba, direbobinsu, wato manhajar da ke sarrafa katin, an gwada su da manhajojin aiki an tabbatar, kuma basa cin wuta, wanda ke kan sola ko inbata ya san darajar wannan. Quadro P2000 wat 75 ce kawai giga 5, babu wata waya babu adafta, ka soka ka kunna. Ni SolidWorks, manhajar zanen injina, nake amfani dashi tun muna ATBU kuma akwai abinda ake cewa RealView wanda baya buɗewa sai da katin aiki. Shekaru ina kan P2000 bata taɓa bani ciwon kai ba.

Injiniya_Wunti:
Gaskiyarka ne Malam Abu, in da SolidWorks yace da nima can zan tura shi. Amma duba abinda ya lissafo. Lumion a ƙarƙashinsa kusan gem ne, ƙarfin kati da yawan memorin kati yake nema, baya tambayar ko an rubuta Quadro a jiki. P2000 ta 2017 ce, kuma tun daga Lumion 2023 suka kawo ray tracing, wato lissafin haske da inuwa kamar na gaske, wanda a ɓangaren Nvidia sai RTX yake yi, P2000 bata dashi. Ita kanta Nvidia ta ajiye sunan Quadro tun 2020, a lokacin ta koma kiransu RTX A kaza. A2000 mai giga 12 kati ne mai kyau sosai kuma ta dace da mai sola kamar yadda kace, amma ta fi 3060 tsada alhali 3060 ta fi ta ƙarfi a renda, kuɗin ƙanƙanta da ƙarancin cin wuta kake biya.

Sannan Sadiq ka sani tun yanzu, Revit da AutoCAD bazasu canza sosai ba, su firosesa suka fi dogara dashi, kuma Xeon ɗin nan ya kwana biyu. Inda zakaga bambanci kamar dare da rana Lumion ne.

Maman_Ilham:
Ni bidiyon biki da na walima nake haɗawa a Jekadafari, bari in taɓa ɓangaren farashi tunda shi aka bari. Kayan nan duk da dala ake shigo dasu. 3060 da ta fito a 2021 dala 329 Nvidia ta sa mata, amma lokacin masu haƙar kirifto sun wawushe kasuwa ba'a samunta a wannan kuɗin ko kusa, sai da Ethereum, ɗaya daga cikin manyan kuɗin kirifto, ta daina haƙa da kati a Satumban 2022 sannan aka juyo da katunan kasuwa a matsayin na hannu. Farashi ya sauka a waje, mu kuma nan sai ga 2023 an saki naira, dalar da take wajen 460 a hukumance ta haura 1,500 a 2024, kaga dala 329 ta koma kusan rabin miliyan kenan tun ba'a sa kuɗin jirgi da kwastan da ribar ɗan kasuwa ba. Shiyasa bamu ga sauƙin da ake faɗa ba.

Tazarar da ka gani tsakanin shago biyu kuma dole ka tambaya dalili. Na farko akwai 3060 mai giga 8, suna ɗaya amma ta fi mai 12 rauni, wasu basa faɗa maka. Na biyu wanda ya yi shekara yana haƙa dare da rana ba ɗaya yake da wanda aka cire daga injin ofis ba, fankarsa ta gaji, man dake kan cif ɗin ya bushe, ga zafinmu na watan Maris da Afrilu ga ƙurar hunturu. Na uku akwai jabu, musamman a ƙananan kati, su ɗauko tsohon GTS 450 su sauya masa suna ya dinga nuna GTX 1050 Ti, in kaga ramin VGA mai shuɗi a jikin 1050 Ti to ajiye musu kayansu.

Shawarata ƙanina kar ka tura kuɗi a sako maka a mota. Ko Kano ne ko Banex a Abuja ko Computer Village ta Ikeja, ka je da kanka ko ka tura wanda ya sani, a jona a gabanka a buɗe manhajar GPU-Z mai nuna bayanan kati kaga suna da giga 12 ɗin, a kunna FurMark, manhajar da ke ɗora wa kati nauyi don gwaji, ya ɗan jima ana kallon zafi, in allo ya fara ɗige-ɗige ko layi-layi ko ya ɗauke ka fasa. Kuma a rubuta maka garanti a rasit ko na sati biyu ne.

Sadiq_Pantami:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, wlh na ƙaru. Injiniya na buɗe yanzu, 700W aka rubuta, kuma ga wayoyin nan biyu masu fin shida an ɗaure su a gefe. Aunty nagode da batun giga 8 ɗin nan, na sake kiran mai arhar na tambaye shi ya ce eh mai 8 ce. Tambaya ta ƙarshe, naga RTX 4060 kuɗinsu ya kusa, in ƙara kaɗan in ɗauki sabuwar ko in tsaya kan 3060? Kuma UPS ɗina ƙarami ne 650VA zai ɗauka?

Injiniya_Wunti:
Alhamdulillah, to kai ka huta. 4060 ta 2023 ce, dala 299 ta fito, ta ɗan fi 3060 sauri kuma wat 115 kawai take ci, wannan abin so ne ga mai janareta ko sola. Amma giga 8 gareta, kuma layi takwas na gurbin PCIe take amfani dashi maimakon goma sha shida, a tsohon gurbi irin naka da zarar memori ya cika zaka ji ta fara ja da baya. Kai da matsalarka bishiyoyi da motoci da manyan gidaje ce, ni 3060 mai 12 zan ɗauka, abinda ya rage ka sa a adafta mai kauri da UPS. 650VA ɗin nan abinda yake iya riƙewa bai kai wat 400 ba, Xeon da kati da allo in suna renda tare zasu kai shi bango ya dinga ƙara yana kashewa, nemi 1500VA. In katin ya iso ka fara goge direban K620 da DDU, manhajar goge direban kati, kafin ka sa sabo, sannan ka ɗauko Studio Driver daga shafin Nvidia ba na gem ba. Ka turo hoton takardar jikin katin kafin ka biya mu duba maka.