Wane suna za mu ba folik asid da gwajinsa a Hausa?

Ƙanwata ta dawo daga awo da takarda a hannu, an rubuta a auna mata folik asid a jini. Da Hajiyarmu ta tambaye ni ko mene ne shi, sai na ce mata maganin ƙarin jini ne, kamar yadda kowa ke faɗa a Kano. Amsar ba ta kwanta mini ba, shi ya sa na kawo maganar nan.

Matsalar "maganin ƙarin jini" ita ce ya haɗa abubuwa biyu da ake bai wa masu ciki tare: ƙwayar sinadarin ayon, wato sinadarin ƙarfe, da ƙaramar ƙwayar nan mai ruwan ɗorawa, wadda ita ce folik asid. Rashin kowannensu yana kawo ƙarancin jini, amma ba iri ɗaya ba, domin rashin ayon yana sa jajayen ƙwayoyin jini su ƙanƙance, rashin folik asid kuwa yana sa su yi girma fiye da ƙima alhali ba su ƙosa ba. Sannan sunan ya ɓoye babban aikinsa, wato taimakawa wajen ginuwar laka da ƙwaƙwalwar ɗan tayi cikin kwana 28 na farkon ciki, lokacin da mace da yawa ba ta ma san ta samu ba. Saboda haka ne ake shawartar mace ta fara shan maikirogiram 400 kullum tun kafin ta ɗauki ciki. Wadda aka gaya wa "ƙarin jini" ne kawai za ta iya cewa ita jininta ya ishe ta.

Wani abokina malamin Hausa ya kawo "sinadarin ganye", kuma yana da hujja, tunda sunan "folik" ya fito ne daga kalmar Latin mai nufin ganye, kuma daga alayyahon Turawa aka fara ware shi a 1941. Sai dai akwai shi sosai a wake da gyaɗa da hanta, waɗanda ba ganye ba ne, ga shi kuma a bakin matasan garin nan "ganye" na da wata ma'anar da ba ma so ta shiga takardar asibiti. "Bitamin B9" daidai ne, amma ba shi aka fi rubutawa a jikin magani ba.

Ra'ayina shi ne mu riƙe "folik" mu sauke "asid", domin Bahaushe in ya ji asid, ruwan batir yake tunawa. Mu ce "sinadarin folik", rashinsa kuma "ƙarancin folik". Ma'aikacin jinya zai gane shi nan take, mai kyamis a Sabon Gari ma haka, masu sikila kuwa da iyayensu sun daɗe da sabawa da kalmar. In ana son bambanta wanda ke cikin abinci, wanda yawan dafuwa ke lalatawa, da wanda aka sarrafa, sai a ce "folik na abinci" da "folik na ƙwaya".

Game da gwajin, "awo" ya fi dacewa tunda adadi ake aunawa, amma masu ciki sun riga sun mallaki kalmar, don haka "gwajin folik" zai fi hana ruɗani. Iri biyu ne. "Gwajin folik na ruwan jini" yana nuna abin da mutum ya ci a 'yan kwanakin nan, har ma a wasu wuraren akan ce ya zo bai karya ba. "Gwajin folik na ƙwayoyin jini" yana nuna halin da jiki ke ciki tun watannin baya, saboda jar ƙwayar jini tana rayuwa kimanin kwana 120. Likitoci kan haɗa da gwajin bitamin B12, domin shan folik na iya gyara jinin wanda B12 ce ta yi masa ƙaranci, alhali jijiyoyinsa na ci gaba da lalacewa ba a sani ba.

Na sake yi wa Hajiya bayani da waɗannan kalmomi jiya da daddare, kuma abin da ta tambaya kawai shi ne ko miyar alayyahon da take barin ta nuna lugub tana da sauran folik a cikinta.