Aikin sauya ɗabi'ar jama'a a fannin lafiya: ta ina ake shiga?

Mai_Neman_Sani:
Assalamu alaikum. Wanda ya karanta aikin jarida, ba likitanci ba, zai iya samun gurbi a ƙungiyoyin lafiya na duniya, ɓangaren wayar da kai da sauya ɗabi'a? Sai da digiri na biyu ne? Kuma me suke dubawa?

Malama_Lafiya:
Wa alaikumus salam. Zai iya, ƙanena. Manyan mukamai a WHO da UNICEF yawanci suna neman digiri na biyu, irin su MPH (digiri na biyu a kiwon lafiyar al'umma), tare da shekarun aiki a fili. Amma kada ka yi gaggawar komawa makaranta. Fara da ƙaramar ƙungiya mai aiki a cikin jama'a, ka yi shekara biyu ko uku, sannan ka san darasin da kake buƙata. Ka koyi haɗa tambayoyin bincike a KoboToolbox (manhajar tattara bayanai), da karanta rahoton DHS (binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiyarsu). Faransanci kuma yana buɗe ƙofofi sosai.

Dattijon_Fili:
Abin da ke kayar da sababbi shi ne zaton rashin sani ne matsalar. Sau da yawa uwa ta san amfanin ORS (ruwan gishiri da sukari) da ƙwayar zinc ga yaro mai gudawa. Amma ana so a ba da zinc kwana 10 zuwa 14, ita kuwa da zarar zawo ya tsaya a kwana na uku sai ta ajiye maganin. Fosta mai cewa "ku ba da zinc" ba za ta gyara wannan ba, sai saƙon da ya bayyana dalilin ƙarasa kwanakin.

Shi ya sa ake fara bincike kafin a rubuta ko layi ɗaya. A zauna da mutum shida zuwa goma a kowane rukuni, mata daban, maza daban, don in suruka ko maigida na wurin, amarya ba za ta buɗe baki ba. A gano mai yanke shawara a gidan. In an tsara saƙon, a gwada shi ga waɗanda aka yi dominsu, a ce su faɗi abin da suka fahimta da bakinsu.

Dubi Ebola a 2014: hana iyalai kusantar gawa ya sa wasu suna binne mamatansu a ɓoye. Sai da aka shigo da malaman addini, aka bar dangi su yi addu'a daga nesa, sannan haɗin kai ya ƙaru.

Uwar_Ƙididdiga:
Ƙari ɗaya, kuma ina ganin shi ne ya fi muhimmanci a intabiyu. Kada ka ce "mun watsa saƙo sau kaza a rediyo". Ka nuna yara nawa suka ƙarasa rigakafi kafin shirin da bayansa. Sannan ka sani kasuwar aikin ta matse tun da Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji, USAID, a 2025, kwangiloli da yawa na watanni ne. Wanda ya iya auna sakamako ya fi saurin samun wata kwangilar.