Jami'ar da hukumar famasi ta PCN ba ta gama tantancewa ba: zan samu lasisin haɗa magunguna kuwa?

Assalamu alaikum. Don Allah masana harkar famasi ku fitar da ni daga duhu.

ABU Zariya na cike a JAMB, amma makina bai kai na famasi ba. Yanzu zaɓi biyu ne a gabana. Wata jami'ar tarayya ta ce za ta ɗauke ni a Biochemistry, wata sabuwar jami'a mai zaman kanta kuma ta tura min PharmD (digirin famasi), karatun shekara 6, yana nan a CAPS, shafin JAMB na karɓar gurbin karatu, yana jiran in amsa.

Ga inda gizo ke saƙar: hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta amince wa sabuwar jami'ar ta buɗe kwas ɗin, amma na duba jerin makarantun da PCN ta tantance, babu sunanta. PCN ɗin nan kuwa ita ke yi wa mai haɗa magunguna rajista, ita ke shirya jarrabawar PEP, wadda ake yi kafin rajista, bayan shekarar horon aiki. Na je ofishin ɗaukar ɗalibai, ma'aikacin ko ɗago kai bai yi daga wayarsa ba, ya ce "ana kan hanya". Na nemi takarda, babu. Ɗalibansu na farko ma ba su kai ga kammalawa ba, balle in tambayi wanda ya fito.

Biochemistry ba za ta ba ni lasisi ba, wannan na sani. Kuɗin sabuwar jami'ar kuma fili Baba zai sayar, ba abin caca ba ne.

Idan na kammala PCN ba ta tantance sashen ba, za ta yi min rajista, ko shaidar NUC kaɗai ba ta isa ba? Na gode.