Ɗiyauci ko ikon ƙoli? Neman kalmar Hausa ga sovereignty

1/ Ƙanena da ke karanta kimiyyar siyasa ya turo min saƙo da daddare: "Yaya, me ake ce wa sovereignty da Hausa?" Nan take na ce masa ɗiyauci. Gari na wayewa na koma na goge amsar.

2/ Ba wai ɗiyauci kuskure ba ne. Kullum muna jin "ɗiyaucin ƙasa" a rediyo, musamman daga Nijar. Kalma ce tamu ta gado: ɗiya shi ne wanda ba bawa ba, ba ubangida a kansa. In ana maganar sashe na 2 na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1945, wanda ya ce ƙasashe daidai suke da juna, ɗiyauci ya zauna daram.

3/ Sai dai ɗiyauci waje yake kallo. Yana gaya maka ba wanda ya mallake mu, amma bai ce a cikin gida wa ke da wuƙa da nama ba. Wannan tambayar kuwa ita ce ta raini kalmar a Turai, kuma a gindin limaman coci ta girma.

4/ Jean Bodin, lauya ɗan Faransa, ya fitar da littafinsa a 1576, shekara huɗu bayan kisan gillar da aka yi wa Furotesta a Paris. Katolika da Furotesta na yanka juna, kowa na cewa umarnin Ubangiji yake bi. Sai Bodin ya ce ƙasa ba ta zama lafiya sai da iko guda, cikakke, dawwamamme, wanda ba ya rabuwa, yana kafa doka amma dokar da mutum ya kafa ba ta ɗaure shi. A sake karanta siffofin nan a hankali. Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malam ya ɗauki darasin tauhidi zai ji kamar ya san su a wani wuri.

5/ Thomas Hobbes na Ingila ma bai tsaya kwana-kwana ba. A bangon littafinsa Leviathan na 1651 an zana wani ƙaton sarki, jikinsa cike maƙil da ƙananan mutane, takobi a dama, sandar bishop a hagu. Bisa kansa an rubuta aya daga littafin Ayuba: babu wani iko a doron ƙasa da za a kwatanta da shi. Da Hausa wannan ai "Buwayi gagara misali" ke nan, kuma mun san wanda ake yi wa wannan kirari.

6/ Tsakanin fitowar littattafan nan biyu aka yi yaƙin shekara 30 a Turai, 1618 zuwa 1648. Da aka ƙulla sulhun Westphalia da ya kawo ƙarshen yaƙin, Paparoma Innocent na 10 ya ce bai yarda ba, sarakuna suka yi kunnen uwar shegu da shi.

7/ A 1922 Carl Schmitt, masanin shari'a Bajamushe (daga baya ya shiga jam'iyyar Nazi, don haka a riƙe shi da hannun hagu), ya ce manyan kalmomin ilimin gwamnati na zamani duk daga ilimin sanin Ubangiji aka kwaso su, aka tuɓe musu rigar addini. Misalinsa ya tsaya min a rai: dokar ta-ɓaci a siyasa kamar mu'ujiza ce a addini. Wanda ya kafa al'ada shi ke iya keta ta.

8/ Shawarata: ikon ƙoli. Muna da kotun ƙoli, kunne ya riga ya saba. Asalin kalmar ma a Latin "na sama" take nufi. Mai riƙe da shi kuma, mai ikon ƙoli.

9/ Na gwada ta a kan wani dattijo da muke salla tare. Ya ɗaga gira ya ce, "Ɗana, ikon ƙoli ai na Allah ne." Na ce, "Allah gafarta Malam, shi ya sa na zaɓe ta." Wannan ɗar ɗin da ya ji yana cikin kalmar tun fil azal, fassarar da ta share shi ta rage wa mai karatu wani abu. A kansa ne majalisar Pakistan ta rubuta a 1949 cewa wannan iko na Allah ne shi kaɗai, mutane amana aka ba su. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 kuwa, a sashe na 14, ya ce na jama'a ne. Da "ɗiyauci" ba ka iya ko bayyana inda suka saɓa.

10/ Sauran da aka kawo min: "sarauta" tana jawo rawani da fada, jamhuriya ba ta shiga. "'Yancin kai" ranar 1 ga Oktoba ce a Najeriya da 3 ga Agusta a Nijar, kalmar independence take fassarawa. "Cikakken iko" ya yi kusa, amma direba ma na da cikakken iko da motarsa.

11/ Abin da na sake tura wa ƙanen nawa: in ƙasa na kare kanta daga katsalandan na waje, rubuta ɗiyauci. In ana neman wanda maganarsa ce ta ƙarshe a cikin gida, rubuta ikon ƙoli. Ya amsa da cewa malaminsu kalma ɗaya ya nema. Na ce ya ba shi ta biyun, in ya yi gardama ya nuna masa bangon littafin Hobbes.