Tsohon kabad ɗin sufanu: nauyi ne shaida ko layin durowa?

Oga Sule, Kakuri: Assalamu alaikum. Maganata ɗaya ce, kuma ina kanta. Duk wanda yake neman kabad ɗin ƙarfe na ajiye sufanu a gareji, ya nufi Tsohuwar Panteka a nan Kaduna ko wurin 'yan gwangwan, ya zaɓi wanda ƙarti biyu ba sa ɗagawa sai da nishi. Nauyi ba ya ƙarya. Na masana'antu na da ana yin su da fallen ƙarfe mai kaurin milimita 1.2 zuwa 1.5, masu arhar nan na yanzu kuwa da ƙyar suke kai 0.8, wasu ma 0.6. Murabba'in mita ɗaya na falle mai 1.2 kilo 9.4 ne, na mai 0.6 kilo 4.7. Kuma in kauri ya ninka biyu, juriyar lanƙwasa sau takwas take ninkawa. To me za ka tsaya dubawa? A ɗora a sikeli, wanda ya fi rinjaye shi ne tsoho, shi ne nagari.

Malam Habu mai walda, Panteka: Wa alaikumus salam. Oga, lissafinka daidai ne, hukuncin ne ya kauce. A garin nan babu abin da ya kai nauyi iya ƙarya. Kabad ɗin da ake haɗawa a Panteka da angul da falle mai milimita 2 ya fi na kowace masana'anta nauyi, alhali watakila makon jiya aka gama shi. A fesa masa jan fenti, ya kwana biyu a rana da ƙura, wani ya manna masa tambarin da ya ɓamɓaro daga mataccen akwati, shi ke nan ya zama ɗan Amurka. Ga yadda ake rarrabewa. Zare durowa ka kifa ta. Aikin masana'anta walda ce ɗigo-ɗigo, ƙananan lotsattsun da'ira a jere, tazararsu ɗaya. Aikin hannu za ka ga zaren walda, ko wurin da aka goge shi da injin gurza. Shafa bakin durowar da yatsa: na masana'anta an naɗe bakin ya koma ciki, ba ya yanka, na hannu yawanci yankakke ne tsaye. Gwajin da ya fi duka sauƙi: ɗauki durowa biyu masu girma ɗaya ka musanya musu gurbi. Na inji za su shige sumul. Na hannu kowace da ramin da aka auna ta, ɗaya za ta cije.

Oga Sule: To ai ko na Panteka ne, tunda ya yi kauri zai yi aiki. Ka ga maganata ba ta faɗi ba.

Malam Habu: Aiki zai yi, Oga, har jikoki. Amma kuɗin na waje za a caje ka. Kuma ai cewa ka yi sikeli zai nuna tsoho.

Injiniya Bala, Barnawa: Bari in shiga tsakani. Akwai tsofaffi na asali da ba su da wani nauyi. Kennedy, wanda ake yi a Van Wert ta jihar Ohayo a Amurka, ƙaramin akwati ne na masu aikin injin sassaƙar ƙarfe. Samfurin 520 faɗinsa inci 20 ne, durowa bakwai, mutum ɗaya yana ɗaukarsa. Fentinsa ruwan ƙasa ne mai kaushi kamar fatar lemo, cikin durowoyin an shimfiɗa ƙyalle mai laushi don kada ma'aunai su karce. Gerstner na Dayton, tun 1906, ma na katako ne, da ɗan madubi a cikin murfi. A sikelin Oga Sule duk sun faɗi, a wurin wanda ya san su kuwa sun fi kabad goma daraja.

Shaidar da ba a iya ɓamɓarewa ita ce lambar da aka buga a jikin ƙarfen. A kabad ɗin Snap-on na Amurka a juya bayansa, a goge maiƙo da kananzir, a haska fitila daga gefe. Lambar samfuri tana farawa da KR, KRA ko KRL, a da yawa kuma akwai shekara a kusa. Craftsman, sunan da kantin Sears ya fara amfani da shi a 1927, a zamanin Sears ba su suke ƙera akwatin da kansu ba. In lambar ta fara da 706, kamfanin Waterloo ne ya yi. In an sami takarda ko faranti mai adireshi, a duba ko akwai lambobi biyar na gidan waya bayan sunan jiha: Amurka ta fara wannan tsari a 1963, saboda haka akwatin bai girmi shekarar ba. Wanda aka rubuta masa W. Germany kuwa tsakanin 1949 ne da 1990.

Sai kusoshin taya, waɗanda mai fenti ba ya tunawa da su. Na Amurka a inci suke: sufana 7/16 ko 1/2 ce take kama kansu daidai. Na Turai da Japan sufana 10, 12 ko 13. Kabad mai jan tambarin Amurka, ramukan tayarsa na asali kuma zaren M8 ne, wato na awon mita, akwai tambaya a kansa.

Baba Tanko, Makera: Injiniya, duk na ji, amma kun tafi Amurka kun bar gida. A Kaduna abin da ya fi yiwuwa mutum ya ci karo da shi na Turai ne. Dubi tarihin Kakuri da kewayenta. Masaƙar KTL ta fara a 1957 da hannun Turawan Ingila, masana'antar makamai ta DICON a 1964 da Jamusawa, PAN ta fara haɗa Peugeot a 1975 da Faransawa, matatar mai kuma Chiyoda ta Japan ce ta gina, aka buɗe a 1980. Masaƙu sun durƙushe, KTL a 2002, UNTL a 2007. Saboda haka sunayen da ya kamata yaro ya haddace su ne Facom na Faransa, Gedore da Hazet na Remscheid a Jamus, da Lista na Suwizalan. Keken Hazet da ake kira Assistent, shuɗi, mai tire hawa-hawa a kan sanduna biyu, wanda ake saukewa ya haɗe ya zama akwati, ba shi da nauyin kirki, kuma masu tara tsofaffin Volkswagen neman sa suke ido rufe. In aka sami kai na noti da ba ya shiga sufanar inci daidai, ba ya shiga ta mita, a gwada sufanar Whitworth, wannan awon na Ingila ne.

Wani abu kuma, yarana. In kun ga ɗan faranti na tagulla ko alminiyam mai lambar kadara, ko lamba da aka rubuta da farin fenti a gefe, kayan wata ma'aikata ne. A nemi rasidin gwanjo kafin a biya. Tsautsayi ba a sa masa rana.

Oga Sule: Baba, Lista ai hujjata ce. Wa ke ɗaga Lista shi kaɗai?

Malama Asabe, Tudun Wada: Oga, Lista nauyinsa ya biyo bayan aikinsa ne. Abin da ake saye a jikinsa layin durowa ne. Akwai durowa mai ɗaukar kilo 75, akwai mai kilo 200, kuma gangar jikin kusan iri ɗaya ce. Bambancin yana cikin keken da durowar ke hawa. In boris ɗin keken sun mutu, kana da tulin ƙarfe ne kawai mai cin wuri. Ni da za a bi tawa, kafin ciniki a yi wannan. A zuba wa durowa mafi faɗi kaya kamar kilo 20, ko batirin mota ɗaya a kan katako. A jawo ta har ƙarshe. A kama hannunta a girgiza sama da ƙasa, hagu da dama. In bakinta ya sunkuya fiye da kaurin yatsa, layin ya cinye. A tura ta da yatsa biyu daga gefe ɗaya: mai lafiya tana tafiya a miƙe, wadda jikin kabad ɗinta ya murɗe tana karkata ta tsaya a rabi. Sannan a auna fuskar kabad ɗin daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu da tef. In awon biyu sun bambanta da fiye da milimita 5, an taɓa kayar da shi ko an jefo shi daga mota, kuma sabon layi ma ba zai zauna ba.

A gwada buɗe durowa biyu lokaci ɗaya. Manyan kabad na masana'anta suna da sandar kulle a baya wadda ke hana ta biyu fita in ta farko tana waje. 'Yan gwangwan kan cire ta in mabuɗi ya ɓata. Babu ita, yaron gareji ya jawo durowa uku cike da soket, kabad ɗin zai kifo masa a ƙafa. A nan nauyin da kake yabo shi ne masifar.

Baba Tanko: 'Yata, a kan boris ne ba mu haɗu ba. A ƙasarmu layin da babu boris, ƙarfe kan ƙarfe, irin na tsofaffin Snap-on da Craftsman, ya fi daɗewa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ko'ina. Ta haɗu da giris ta zama kamar man gurza bawul, ta cinye ƙwallayen boris da hanyarsu. Layin gogayya kuwa me zai lalace a ciki? A zare shi, a jiƙa a kananzir, a goge da buroshin waya, a busar, a goga masa kyandir. Kyandir ba ya kama ƙura. Kada a kuskura a shafa baƙin mai, wata ɗaya durowa za ta daskare.

Wurin zarewa ne ake ɓarna. Akwai ɗan harshe mai sifirin a cikin layin da ke riƙe durowa. A ɗauki tsohon zarton ƙarfe a goge haƙoransa, a ɗan lanƙwasa bakinsa, a zura tsakanin layi da durowa har ya danne harshen, sai a ja. Gefe ɗaya, sannan ɗayan. Wanda ya sa sukudireba ya banƙare ya karya harshen, daga ranar durowa za ta riƙa faɗowa ƙasa da kayanta.

Malama Asabe: Baba, na yarda da kyandir ga durowar sufanu da filaya. Amma durowa mai zurfi da aka cika da fula ta zare boris, guduma da soket na manyan motoci, layin gogayya sai an sa ƙafa a tokare kafin ta fito. Kuma irin wannan layin in ya cinye ba a samun madadinsa a kasuwa. Mai boris na inci 16 ko 18 kuwa yana nan wurin masu kayan kafinta, sai dai a nemi mai kauri, a tabbatar akwai sararin milimita 12.7 a kowane gefe, don awon da aka yi yawancinsu a kai ke nan.

Baba Tanko: A walda shi a goge, ya koma. Malam Habu na nan.

Malam Habu: Ana yi, Baba, amma da wutar gas da sandar tagulla. Walda ta lantarki tana huda siririn layi nan take.

Yakubu mai gyaran jikin mota, Mando: Gaisuwa ga manya. Ba wanda ya taɓo tsatsa, ita ce kuma ke kashe ciniki. Kabad ɗin da ya sha damina a fili daga Mayu zuwa Oktoba, ta ƙasa yake mutuwa. A kwantar da shi a duba inda tayoyi ke ɗaure. A soka sukudireba a kusurwoyi huɗu. In ya ɓurma, sai an sa sabon faranti mai milimita 3 a ƙasa gaba ɗaya, a cire kuɗin wannan daga farashi. A naɗe maganaɗisu a ƙyalle a bi jikinsa: inda ya saki, fila ce aka cike rami da ita. Fila ma nauyi gare ta, Oga Sule, sikeli ba ya tantancewa. Farin gari a cikin durowa alamar ruwan batir ne, wannan durowar ta tafi.

Tsatsar sama ba matsala ba ce. Roba babba, cokali ɗaya na sodar wanki a kowace lita 4 ta ruwa, cajar batir mai bolt 12. Baƙar waya a jikin durowa, jar waya a guntun rodi, a tsoma durowar da rodin a ruwan, kada su taɓa juna, kuma kada a sa ƙarfen silba mara tsatsa a madadin rodin. A fili za a yi, nesa da wuta, don iskar da ke tashi tana kamawa. Kwana ɗaya, a wanke, a busar a rana, a fesa fentin share fage a ranar, in ba haka ba kafin magariba ta fara ja. Tsohon fenti na masana'anta kuma yana iya ƙunsar dalma. A goge shi da sanfefa mai ruwa, kada a sa injin gurza a busasshe yara suna shaƙa.

Injiniya Bala: Ƙari a kan ta Yakubu: in fentin asali yana nan, ko da ya koɗe, a bar shi. Sabulu, kananzir, man goge mota, ya isa. Sabon fenti mai kauri yana cike lambar da ke baya, gobe ka rasa hujjar abin da ka saya.

Oga Sule: Na ji ku duka. Zan musanya durowa, zan leƙa baya, zan soka kusurwa. Amma in biyu suka ci wannan jarrabawar, mai nauyin zan ɗauka, kuma ba wanda ya kawo abin da zai hana.

Malam Habu: Ba mai hana ka, Oga. Sai dai ka zare durowoyin duka kafin a ɗora a a-kori-kura, ka rubuta wa kowace lambarta da alli, a kwantar da gangar jikin a kan tsohuwar taya. In aka ɗaure shi a tsaye da kayansa, ramukan hanya kafin Kakuri sun isa su murɗe layin da Malama Asabe ta sa ka gwada.